Gafakar Kaka

Sau uku muka kai ta ofis.
Na farko, aka ce Darakta ya tafi taro.
Na biyu, aka ba mu benci da fom,
wani saurayi ya ɗaga shafi da yatsa mai maiƙon ƙosai,
ya ce, "Ai Larabci ne, ku kai masallaci."
Hausa ce, yaro.
Hausar kakanka ce, ta sa rigar ajami.
Na uku, aka ce kasafin bana bai san da mu ba,
mu dawo baɗi.

Ƙodar Inna Kubura ba ta san baɗi ba.
Litinin da Alhamis take son wanki,
asibiti kuwa ba ya karɓar baiti.

Kakanmu Malam Sidi na Alfindiki
shekara arba'in yana durƙushe kan buzu,
tawadar gawayi da ƙaro, ja don wasali,
takarda mai wata uku in ka ɗaga ta ga rana.
A ciki akwai wasiƙun fataken Gwanja,
da lissafin goron da ruwa ya ci a hanya,
da maganin shawara, da sunayen rijiyoyin unguwa,
da doguwar waƙar shekarar yunwa
da ya yi wa ƙanwarsa, wadda ba ta ga kaka ba.

Sai ga Alhaji Tanimu daga Kurmi bayan la'asar,
turarensa ya riga shi shiga zaure.
Bai yi ciniki ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.
Ya ƙirga, yayana Nafi'u ya sake ƙirgawa,
hannunsa na rawa kamar mai zazzaɓi.
Ya zare takardun, ya bar mana gafakar,
ya ce can suna da tasu ma'ajiyar.

Ban zagi Nafi'u ba, ba kuma zan zage shi ba.
Inna ta ƙara damina biyu a duniya.

Bara ɗansa Mudassir ya miƙo mini waya:
"Gwaggo, ba rubutun Kaka ba ne wannan?"
Shi ne. Na gane wutsiyar da yake ja wa lamjaye,
na gane tabon man gyaɗa a kusurwa,
ni na yi shi, ina 'yar shekara shida, na sha rankwashi.
Yana kwance bayan gilashi a ƙasar sanyi,
an sa masa lamba, an ɓata rubutun sunansa.
Gara ba ta kai can, na sani, rufi ba ya yoyo.
Sun riƙe shi da mutunci. Wannan ma ciwo ne.

Ya ku masu hatimi da jiniya,
sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga,
bangon kuwa ku aka ba tsaro.
Kun san kuɗin fentin shataletale,
kun san na ƙyallen da ake yankewa ranar buɗe gada.
Nawa ne ɗaki ɗaya marar laima,
da ma'aikaci ɗaya mai karanta ajami,
da asusun da zai riga dillali zuwa zaure?
A filin jirgi ana kwance ƙullin daddawa, ana shinshina,
amma shekara arba'in ta wuce a jakar hannu
ba wanda ya ce, "Tsaya, mene ne wannan?"

Ba mu ce ku yi mana kuka ba.
Cewa muka yi ku saya kafin a saye,
abin da ya fita kuma, ku aika a tambayo shi da sunansa.
Har yanzu akwai adakoki a Madabo da Yakasai,
kowacce da mai jinya a ɗakin kusa,
Alhaji Tanimu kuwa ya san kowane lungu.

Gafakar tana nan rataye a ƙusa,
'yar carbi da katin asibiti ne a cikinta.
Waƙar yunwa, baiti goma sha ɗaya na haddace.
Da dare nakan karanta wa Mudassir,
in na kai na sha ɗaya sai in yi shiru,
ya ce, "Sai me, Gwaggo?"
In ce sauran sai da biza.